Maganin sikila ya fito, amma zai iso Gombe kuwa?

Baban Hauwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya Injiniya ya turo mana cewa nan da shekara 30 kimiyya za ta kawar da cututtukan gado, har da sikila, jikokinmu su riƙa jin labarinta kamar yadda yaranmu ke jin labarin agana. Ƙarfe biyun dare na karanta saƙon, ina zaune kan benci a barandar asibiti. 'Yata Hauwa mai sikila tana ciki an ɗaura mata ruwa, tana riƙe da gwiwarta tana cewa "Baba ka danna mini nan." Ban amsa a lokacin ba don kada fushi ya yi magana a madadina. Yanzu ga amsata: ban yarda ba. Kimiyya za ta ci gaba, wannan ba musu. Amma gida biyu za ta raba 'yan Adam, masu kuɗin sayen lafiya da tsawon rai, da kuma mu da za mu riƙa ganinsu a waya. Injiniya, sabon maganin sikilar da kake magana a kai a saƙonka, Casgevy, Ingila ta amince da shi a watan Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, wajen naira biliyan uku ke nan. Ni malamin sakandare ne. Ka lissafa mini shekara nawa zan yi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya ba Hauwa lafiya, wallahi ban san kuna asibiti ba. Amma ina nan kan bakana. Duk sabon abu da tsada yake fara zuwa. Ka tuna 2001 da wayar salula ta shigo? Kuɗin layi kawai ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. A Jekadafari mutum nawa ne suke da ita? Yau mai tallar rake a Tashar Dukku yana karɓar kuɗinsa ta waya. Ga wanda ya fi kusa da maganarmu: wajen shekarar 2000 maganin rage kaifin ƙanjamau yana cin dala dubu 10 a shekara, mutanenmu suna mutuwa ana kallo. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da shi ƙasa da dala ɗaya a rana. Yanzu kyauta ake karɓarsa a asibitocinmu. Aikin karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam da aka kammala a 2003 ya ci wajen dala biliyan uku, yau ana yi wa mutum ƙasa da dala dubu. Me zai sa wannan ya zama dabam?

Anti Rabi:
Injiniya, bari in gaya maka abin da ya sa ya zama dabam, don shekarata 19 ina aikin jinya. Maganin ƙanjamau ƙwaya ce. Ka zuba a kwali, ka ɗora a mota, ta kai har Nafada. Wannan kuwa ba abin haɗiya ba ne. Sai an tatso ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a kai su ɗakin bincike, a gyara su da wannan almakashin da ake kira CRISPR. Abin da gyaran yake yi shi ne ya sake kunna irin jinin da jariri yake da shi a cikin uwa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Kafin a mayar masa da su sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa, a kashe tsohon ɓargon. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas, yana iya ma rasa haihuwa. Sai ya yi makonni a ɗaki na musamman wanda ko ƙura ba a so ta shiga. To ni na taɓa riƙe fitilar waya ana neman jijiyar yaro saboda an ɗauke wuta kuma janareta babu mai. Ko kyauta aka ba mu maganin nan gobe, a wane ɗaki za mu yi shi?

Injiniya:
Anti, ai an yi dashen ɓargo ga mai sikila a birnin Benin na jihar Edo tun 2011. Ba a ce ba za mu iya ba.

Anti Rabi:
An yi, kuma abin alfahari ne. Yara nawa aka yi wa tun daga lokacin, yara nawa aka haifa da ciwon? Ƙasarmu ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai dubu 150 duk shekara. Ka bar ma zancen dashe. Akwai ƙwayar hydroxyurea, Amurka ta amince da ita ga masu sikila tun 1998, tana rage tashin ciwo ƙwarai. Wannan ƙwaya ce, irin wadda kake cewa tana saukowa. Har yau ina ganin uwa tana ba yaro rana ɗaya ta tsallake biyu don kwalbar ta kai ƙarshen wata.

Baban Hauwa:
Gidana kike faɗa, Anti. Mun yi haka a watan azumi da ya wuce.

Kawu Bello:
Ni manomi ne, ban san ɓargo ba sai na miya, amma ku bar ni in sa baki. Waken nan da masana na Samaru suka fitar a 2019, SAMPEA 20-T, shi ma gyaran ƙwayar halitta ne, an sa masa abin da ke kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. Da aka kawo mana, mutanen ƙauyenmu suka ce kada a taɓa, wai zai kashe ƙasa. Na shuka a gonata ta hanyar Deba. Da nakan yi feshi sau bakwai, wani lokaci takwas, in dawo gida ƙirji yana zafi. Da shi sau biyu na yi, shekarar da ta yi tsanani sau uku. Don haka ni ina bayan Injiniya da ƙafa ɗaya. Abin yana isowa. Sai dai wannan ya iso ne don 'ya'yanmu na Zariya ne suka yi aikinsa a kan wakenmu. Da jira muka yi Bature ya tuna da wake, da har yanzu muna jira.

Ɗanjuma Tela:
Ku kuna maganar zai iso ko ba zai iso ba. Ni ya iso mini, kuma ban ji daɗin isowarsa ba. Babana wata guda yake yi kan aikin babbar riga ɗaya da allura da zare, aska takwas, ya ci da mu ya tufatar da mu. Yanzu injin kwamfuta yana fitar da irin zanen kafin a yi la'asar. Yara shida nake da su a shago, saura biyu. Yanzu kuma tun da ChatGPT ta fito a 2022 ɗana da na biya wa kuɗin koyon buga takardu ya ce masu kawo aikin rubuta wasiƙa sun ragu, kowa wayarsa ke rubuta masa. Abin da ke karɓe abinci daga bakinmu da gudu yake zuwa, ba ya neman biza. Mai warkar da mu ne yake tafiyar hawainiya.

Injiniya:
Maigida Ɗanjuma, amma talakan da bai taɓa sa riga mai aiki ba yanzu yana sawa ranar sallah. Kuma ita wannan basirar na'urar da kake kuka da ita, irinta ce ta gano siffar sinadaran jiki miliyoyi, har masu ita suka ci kyautar Nobel a 2024. Da irin wannan ake gaggauta neman magani. Masana suna ƙoƙarin mayar da gyaran nan allura ɗaya da za a yi wa mutum ba sai an ciro komai daga jikinsa ba. Ranar da aka dace, hujjar Anti ta ɗaki ta faɗi.

Malam Habu:
Jama'a, akwai abin da kuka tsallake. Kuna ta gardamar farashi, ba wanda ya tambaya ko ya halatta a sa hannu a asalin halittar mutum. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Shaiɗan ne ya yi alƙawarin zai umarci mutane su canja halittar Allah. Ni tsorona ba na rashin isowar abin ba ne. Yau a ce sikila, gobe mai kuɗi ya ce yana son ɗa dogo, fari, mai kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan rabuwar da Baban Hauwa yake tsoro za ta tashi daga aljihu ta shiga jini, a riƙa gadonta.

Baban Hauwa:
Allah gafarta Malam, a nan kam ba na tare da kai. Kai ka karantar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Wanda ya ga yarinya 'yar shekara tara tana cizon matashi don kada ta tashi ƙannenta da kuka, ba zai kira warkar da ita canja halitta ba. Da zan samu yau, gidan nan na Bolari zan sayar ban waiwaya ba. Ƙorafina ba a kan maganin yake ba, a kan wanda aka yi dominsa ne.

Anti Rabi:
Ina ga ku biyun abu biyu kuke faɗa. Wanda ake yi wa mai sikila a jikinsa yake tsayawa, 'ya'yansa ba sa gadon gyaran. Wanda Malam yake tsoro shi ne taɓa ɗan tayi tun kafin ya zama mutum. Wani masani a Sin, He Jiankui, ya yi haka a 2018, aka haifi tagwaye mata. Masanan duniya suka yi masa ca, ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku.

Malam Habu:
To alhamdu lillahi, na farkon magani ne, ba ni da ja a kansa. Amma wancan da ya yi sau ɗaya ya nuna ana iyawa, kuma ɗaurin shekara uku bai goge ilimin daga duniya ba. Ina nan da tsorona.

Auwal:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri, ni ne ƙarami a nan kuma tun jiya nake karantawa ban ce komai ba. Akwai dalili. An sa ranata bayan babbar sallah. Ni da wadda zan aura mun yi gwajin jini watan jiya, ni AS, ita ma AS, wato kowannenmu yana ɗauke da gadon sikila ko da yake ba ya ciwon. Ba mu gaya wa kowa a gida ba. Da na ga saƙon Yaya Injiniya sai na tura mata, na ce ga shi an samu magani, kafin yaranmu su girma ya yi araha. Ta yi murna har da kuka. Yanzu kuma na ji Anti, na rasa inda zan sa kaina.

Injiniya:
Subhanallah. Auwal, ka saurare ni da kyau. Da na ce shekara 30, hasashe nake yi, irin na mai kallon hadari. Har gobe ina ganin maganin zai sauko, kuma zan ci gaba da musu da Yaya a kan haka. Amma ban ce ka ɗaura aure a kan maganata ba. Yaron da za a haifa baɗi ba zai jira shekara 30 ba, a wata na shida ko kafin nan ciwon yake fara nuna kansa. Idan saƙona ne ya ƙarfafa maka gwiwa, na janye shi daga kanka.

Anti Rabi:
Ɗana, lissafin shi ne: kowane ciki, kashi ɗaya cikin huɗu SS ne, wato mai sikila. Mutane suna ɗauka idan an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Ba haka ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Na san gidan da uku a jere suka zo da shi, na san wanda biyar suka tsira. Ku sake gwajin a wani wuri dabam tukuna, don ana samun kuskure. Idan ya sake fitowa haka, ku zo ku biyu mu zauna, kuma lallai iyaye su sani kafin a kai lefe.

Malam Habu:
Ɓoye wa iyaye bai dace ba, Auwal. Idan nauyin faɗa kake ji, ni zan raka ka wurin mahaifinka.

Ɗanjuma Tela:
Kayan angwancinka suna shagona, na yanka shadda biyu. Ba zan taɓa sauran ba sai na ji daga gare ka.

Baban Hauwa:
Auwal, ni ba zan ce maka ka fasa ba, ba kuma zan ce ka yi ba. Lokacin da na auri Maman Hauwa ba wanda ya ce mana mu yi gwaji, kuma ko yau aka ce in mayar da Hauwa a ba ni wata mai lafiya ba zan karɓa ba. Amma kai ka sani, mu ba mu sani ba. An ce za a sallame mu gobe in zazzaɓin bai dawo ba. Ka zo gida jibi bayan isha'i, kada ka zo da niyyar gaisuwa ka tafi, ka kwana. Ɗakin zaure a share yake. Da safe Maman Hauwa za ta nuna maka jakar da muke ajiye katunan asibiti da rasit na shekara tara, ka zauna ka duba da kanka.

Auwal:
In sha Allahu zan zo, Yaya. Zan iya zuwa da ita da rana ta ga Maman Hauwa?

Baban Hauwa:
Ku zo. Ka gaya mata ta taho da ƙanwarta ko wata babba daga gidansu.