Shawarwari Kan Jagorantar Muhawarar Aure da Matsayin Mace

A wani zama da malaman makaranta da shugabannin matasa suka yi a unguwar Wunti, cikin garin Bauchi, an tattauna yadda ra'ayin jama'a ya sauya game da shugaban muhawara idan ana batun aure, jima'i ko matsayin mace. A da, idan ya katse mai magana sai a ce ya tauye masa haƙƙi. Yanzu kuwa, musamman bayan ce-ce-ku-cen da aka yi a 2024 kan yarjejeniyar Samoa, wadda Najeriya da wasu ƙasashe suka ƙulla da Tarayyar Turai, aka kuma yi zargin tana goyon bayan auren jinsi, mahalarta da kansu ke neman a tsawatar, ko da yake wasunsu abokin hamayya kawai suke so a tsawatar wa.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a gindaya ƙa'ida tun kafin a fara, a kuma hana kama sunan kowa, domin zargin zina ko luwaɗi yakan jawo wa mutum duka a titi tun ba a je gaban alƙali ba.

Wata malama ta nemi a riƙa bai wa mata damar magana da wuri, saboda idan aka bari sai dab da magariba, sun riga sun gyara mayafi sun kama hanyar gida.