Tsofaffin finafinai: da gaske sun fi, ko ƙuruciyarmu muke kewa?

Tsohon_Kaset:
Salam 'yan uwa. Jiya na zaunar da ƙanena na kunna masa The Good, the Bad and the Ugly, fim ɗin kaboyin nan na 1966, ina ta zuzuta masa shi tun safe, wallahi ko minti ashirin ba a yi ba na waiga na ga yaro ya hangame baki yana barci. Da ya farka wai yaya mutanen nan kallon juna kawai suke yi, yaushe za a fara fim ɗin? Abin ya tsaya min a rai. To ku faɗa min tsakani da Allah, finafinan da ɗin nan suna da kyau da gaske ne, ko mu ne dai muka tsufa?

Maman_Biyu:
Hhhh ai kai ka jawo, wa ya ce maka da wannan ake fara wa yaro? Fim na kusan awa uku, Clint Eastwood yana ta tauna sigari ba ya magana. Da Sholay ka sa masa. Fim ɗin 1975 ne amma har yau in Gabbar ya fito yana jan bel ɗinsa a kan duwatsu sai ka ji kowa ya yi tsit, Amjad Khan da ya fito a Gabbar ɗin ya ci uban bos wallahi, kuma ga dariya ga waƙa ga kuka duk a ciki. Ni mutuwar Jai, ɗaya daga cikin jaruman fim ɗin, sau nawa na kalla amma sai na share hawaye, har kunyar kaina nake ji.

Ɗan_Bos:
Hajiya ki yi haƙuri amma shi Sholay ɗin ma ai daga finafinan kaboyi ya kwaso rabin kayansa, kuma labarin ƙauye ya ɗauko mayaƙa su kare shi daga 'yan fashi tun 1954 daraktan Japan Kurosawa ya yi shi a Seven Samurai. Malam Kaset, kallon junan da ƙanenka ya raina shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Duba ƙarshe a maƙabarta, mutum uku a tsaye, kyamara na zuwa kan ido, ta koma kan hannu kusa da bindiga, ta dawo ido, kiɗan da makaɗin fim ɗin Morricone ya tsara na ta hawa, harbin kansa ko sakan biyu bai kai ba. Wanda ya saba da bidiyon sakan talatin a waya ina zai iya wannan jira.

Mai_Tsoron_Dare:
Ni nawa ra'ayin daban ne, ba duk tsoho ne mai kyau ba, tarkacen lokacin sun mutu an manta da su shi ya sa muke ganin kamar komai na da zinare ne. Kuma mutanen da ɗin ma suna kuskure fa. The Thing da Blade Runner rana ɗaya suka fito a 1982, kowa ya tafi kallon E.T. aka bar su, masu sharhi suka yi wa The Thing kaca-kaca, sai da ya shiga kaset sannan ya samu masoya na a-mutu. Wurin gwajin jinin nan na The Thing da ake tsoma wayar ƙarfe mai zafi cikin jinin, ba kwamfuta a dodon nan, roba ce da injina, amma har yau bana iya kallonsa ni kaɗai. The Room kuwa na 2003 don tsabar muninsa ake sonsa, 'yan kallo har cokulan roba suke jifa a sinima, wannan kam na kasa gane musu.

Tsohon_Kaset:
Na gode. Ɗan_Bos ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, amma Hajiya ta fi ka dabara. Daren yau Enter the Dragon zan gwada masa, in ya yi barci a gaban Bruce Lee kuma to ba ni ba shi.

Maman_Biyu:
Ka fara ƙwace wayar tukun.