Ƙwaya mai nauyi a .308 don harbin yadi 1,000: me kuka gani a kan allo?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Tambayata ga masu harbin allo ce a ajin F-TR, inda ƙa'idar gasa ta taƙaita mutum ga .308 Winchester ko .223 Remington, kuma bindiga da duk abin da ke jikinta kada su wuce kilo 8.25. Wanda ke ɗura harsashinsa da kansa, a inda doka ta yarje masa, idan yana son barin ƙwaya mai giren 155 (giren ma'aunin nauyin ƙwaya da albarushi ne) ya koma 185 ko 200, me zai fara dubawa? A ina aka fi tuntuɓe? Kowa ya kawo abin da idonsa ya gani.

Mai gyaran bututu:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi ko kwali ɗaya, auna murɗin bututunka, wato juyin tsagar cikinsa da ke sa ƙwaya juyawa. Sa tsumma mai ɗan matsewa a kan sandar wanki, yi mata alama, tura ta a hankali har alamar ta zagayo sau ɗaya, sannan ka auna tazarar da sandar ta shiga. Murɗi ɗaya a inci 13 ya ishi giren 155. Giren 185 ya fi son inci 11 ko 12. Dogayen ƙwayoyin nan na giren 200 zuwa sama, inci 10 suke nema, wasu ma 9.

Abin da mutane ke kuskurewa shi ne, tsawon ƙwaya ne ke neman murɗi, nauyi biyo baya yake yi. Ƙwaya biyu masu nauyi ɗaya, mai dogon hanci za ta fi buƙatar juyi. A lissafin Miller, wanda ake auna daidaiton ƙwaya a iska da shi, lambar daidaito da ta gaza 1 tana nufin ƙwaya za ta faɗa allo a karkace, ramin ya fito dogo. Tsakanin 1 da 1.5 za ta tafi, har ta yi taro mai kyau a yadi 100, amma tana ɗan rawa a hanya, kuma rawar nan tana cinye ƙarfin ratsa iskar da ka biya kuɗi dominsa. Nemi 1.5 ko sama. Ka kuma yi lissafin da ranar da ta fi sanyi, domin iska mai sanyi ta fi kauri, tana rage daidaito.

Na biyu maƙogwaro, wato filin da ke gaban mazaunin harsashi kafin tsagar bututu ta fara. Idan gajere ne, dole ka cusa doguwar ƙwaya can cikin kwanso, wato ɓawon tagullar harsashi, ta cinye wurin albarushi. Gudu ya ragu, matsi ya hau. Ana so kafaɗar gindin ƙwaya ta zauna sama da mahaɗar wuya da kafaɗar kwanso. Ga giren 200 irin na gasa, masu yanka mazauni kan bar wajen inci 0.170. Amma ka sani, da zarar an tsawaita, ba a mayarwa.

Mai lissafin iska:
Bari in faɗi dalilin da ya sa ake wahalar nan tun farko. Faɗuwar ƙwaya ba ita ce damuwa ba, tunda nisan allo sananne ne, murɗa madubi kawai za ka yi. Iska ce ke cin maki. Abin da iska ke ture ƙwaya da shi ya danganta ne da yawan gudun da ta zubar a hanya. Mai nauyi tana fita a hankali, wajen ƙafa 2,650 a daƙiƙa daga bututu mai inci 30, ita kuwa 155 tana kusan 3,000, amma mai nauyin ta fi riƙe abin da ta fita da shi.

Wajen kwatanta ƙarfin ratsa iska na ƙwayoyi ku duba lambar ma'aunin G7, ku bar na G1. An gina G1 a kan tsohon siffa mai gindi a shafe, shi ya sa lambarta ke canjawa da gudu. A G7, ƙwayar kamfanin Berger mai giren 155.5 tana wajen 0.237, mai 185 wajen 0.283, sai 200.20X wajen 0.328. Da'irar tsakiya a allon F-Class (gasar da F-TR ke ƙarƙashinta) na Amurka a yadi 1,000 inci 5 ce kacal, ta maki goma inci 10. Sauyin iskar da ba ka lura da shi ba, wanda zai fitar da ƙaramar ƙwaya zuwa tara, sau da yawa mai nauyi tana tsayawa a bakin goma.

Akwai kuma batun gudun sauti, wajen ƙafa 1,120 a daƙiƙa. Tun daga wajen 1,340 wasu ƙwayoyi ke fara rikicewa. Wasu tsofaffin ƙira na giren 168, masu gajeren gindi mai kaifin gangara, sun shahara da wannan bayan yadi 800.

Mai sikeli:
Ɗan'uwa, duk wannan gaskiya ne, amma ƙwaya mai nauyi ba ta yafe sakaci wajen ɗuri. Kada kowa ya ɗauki adadin albarushin wani, ko da bindigarku iri ɗaya ce. Littafin kamfanin albarushi ko na mai ƙwayar shi ne madogara, na wannan nauyin takamaimai. Adadin da ya yi daidai da 155 haɗari ne a ƙarƙashin 200, domin mai nauyi ta fi jinkirin motsawa, matsi ya taru a bayanta. Fara daga ƙasan jadawali, ka hau da giren 0.3 a kowane mataki, kada ka haye iyakar littafi.

Alamun wuce gona da iri: sakata ta yi nauyin ɗagawa, tabo mai sheƙi a gindin kwanso, ƙyastun gindi (abin da ke kunna albarushi) ya baje, ko raminsa ya saki bayan ɗuri biyu ko uku. Iyakar matsin .308 a ma'aunin SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, 62,000 psi ce, kuma galibi kafin waɗannan alamu su bayyana an riga an wuce ta. Wanda ya ga ɗaya ya tsaya, ya koma baya. Ɗurin da aka gwada da sanyin safiya a sake gwada shi da zafin rana. Harsashin da ya daɗe zaune a mazauni mai zafi kana jiran iska ta kwanta, shi ma yakan fita da gudu fiye da 'yan'uwansa, ya faɗa sama.

A yadi 1,000, bambancin ƙafa 10 a gudu yana ba da inci 2 zuwa 3 sama ko ƙasa. Ke nan tazarar ƙafa 30 tsakanin mafi gudu da mafi jinkiri ta fi da'irar tsakiya faɗi. Kuma harbi uku ba ya nuna komai a na'urar awon gudu, yi ashirin.

Mai gyaran bututu:
Haka ne. In ƙara da cewa sabon bututu yakan ƙara gudu bayan harbi ɗari ko ɗari biyu na farko, don haka kada a yanke hukunci da wuri.

Mai aikin kwanso:
Yawancin rashin daidaiton gudu daga wuyan kwanso yake, ba daga sikeli ba. Kwanso su zama na kamfani ɗaya, rukuni ɗaya, kuma yawan harbin da aka yi da kowanne ya zo daidai. Mayar da kafaɗa baya da inci 0.001 zuwa 0.002 kawai. Fiye da haka kwanso yana miƙewa a kowane harbi har ya tsage kusa da gindi. Riƙon wuya wajen inci 0.002. Idan hannunka ya ji wata ƙwaya ta shiga da ƙyar wata ta zurma, ware su, tagullar ta fara tauri, lokacin gasa wuyan da wuta don ya yi laushi ya zo.

Zurfin zama kuma a auna shi daga gindin kwanso zuwa kafaɗar hancin ƙwaya, inda take taɓa tsaga. Awo zuwa tsini yaudara ne, domin tsinin ƙwayoyi a kwali ɗaya ma ba ya zama daidai. Masu siririn hanci irin VLD suna da tsirfa a kan tazara. Gwajin da Berger ta ba da shawara shi ne inci 0.010 cikin tsaga, sannan 0.040, 0.080 da 0.120 nesa da ita, a ga wanda ya fi taruwa, a tace daga nan. Masu haɗaɗɗen hanci ba su da wannan fitina sosai. Ni dai ba na ba da shawarar cusawa cikin tsaga a gasa. Yana ɗaga matsi, kuma idan aka ce a dakata ka buɗe sakata, ƙwaya na iya maƙalewa a bututu albarushi ya zube cikin kunama. Maƙogwaro yana ci gaba da zaizayewa, a sake aunawa bayan kowane harbi ɗari biyu ko uku.

Tsohon ɗan gasa:
Ku yi haƙuri, 'ya'yana, zan ɗan saɓa. Duk kun yi maganar ƙarfe da tagulla, ba wanda ya ambaci kafaɗar mai harbi. Bindigar da aka kayyade wa kilo 8.25 tana shuri sosai da giren 200, tana kuma murɗawa gefe a kan ƙafafunta biyu. Kafin ƙwaya ta bar bututu bindigar ta fara ja da baya. Idan matsin kafaɗa ko na kunci ya bambanta tsakanin harbi da harbi, ko jakar baya ba ta cika da kyau ba, za ka ga harbi yana hawa yana sauka, ka yi ta zargin albarushi. Makin da ka ƙwato daga iska ka mayar da shi ta sama da ƙasa. Na sha ganin giren 185 ya doke 200 a hannun mutum ɗaya, rana ɗaya.

Gwajin mai sauƙi ne: harbi ashirin da kowanne a yadi 600 ko fiye, cikin lokacin gasa, a auna tsayin taron kawai a bar faɗinsa. Idan 200 ya fi tsayi alhali na'ura ta nuna gudunsa daidai, matsalar riƙo ce.

Mai buɗe zance:
Na gode, Baba. To mai bututun inci 12 da gajeren maƙogwaro fa, ya canja bututu ne ko ya tsaya?

Mai gyaran bututu:
Ya lissafa 185 da tsawonta na gaskiya, in ta kai 1.5 ya tsaya a kanta har bututun ya gaji. Sai dai ya duba ƙa'idar gasar da zai shiga tukuna: a gasar harbin nesa ta ƙasa da ƙasa da ake kira Palma, ba a yarda ƙwayar .308 ta wuce giren 156 ba.