Ga zafin Sakkwato, ga kemo ya hana ni ruwan sanyi: ya kuka yi?

Tela_Sakkwato:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne a nan Sakkwato, shekarata 54. A watan Disamba aka yi mini aikin hanji, aka ce ciwon daji ne, sai aka ɗora ni a kan kemo, wato magungunan yaƙar ciwon daji. Duk bayan mako uku ana yi mini ƙarin ruwan wani magani mai suna oxaliplatin, sannan in sha ƙwayoyin capecitabine safe da yamma har kwana 14, in huta mako guda. Shekaranjiya na karɓi zagaye na huɗu.

Tun ran farko likita ya ja mini kunne a kan sanyi. Lokacin hunturu ne, sai na ɗauka da bazara ta shigo na huta. Ashe sauran aiki. Jiya da azahar zafi ya haura digiri 40, na dawo daga masallaci maƙoshina a bushe, yaron shagona ya miƙo mini ruwan leda mai ƙanƙara, na sha'afa na kai baki. Wallahi kamar fasasshiyar kwalba na haɗiya. Maƙogwarona ya shaƙe, na zauna a kan benci ina salati, na ɗauka tafiyar ce ta zo. Sai da aka jima ya sake ni.

Ba ƙanƙara kaɗai ba. Ruwan randarmu ma, in na yi alwalar asuba da shi, yatsuna kamar wutar lantarki ta ja ni. Ƙanena ya ce in koma ɗakinsa mai esi, ban yi minti goma ba leɓɓana suka kama zugi na fito. Yanzu na rage shan ruwa saboda na ɗumi ba ya shiga, fitsarina har ya yi ja. Wanda ya taɓa shiga wannan hali don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Maman_Biyu:

Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya sa kaffara ne. Ni ma na sha wannan maganin a Kano, nawa duk bayan mako biyu ne, kuma a tsakiyar bazara ya same ni.

Abin da ya fara taimakona shi ne ƙirga kwana. A jikin kalanda nake sa alama. Kwana biyar na farko bayan ƙarin ruwan ba ni ba firji, ko murfinsa ba na taɓawa, yara ke ɗauko komai. Daga kwana na shida sai in gwada da kan yatsa a ruwan randa, in bai ja ni ba sai in ɗan kurɓa. Amma ka sani, kowane zagaye kwanakin ƙaruwa suke yi. Can wajen ƙarshe nakan kai kwana goma.

Maganar zafi kuwa, a ƙarshe na gane ba sanyin ruwan ba ne ke sanyaya jiki, bushewarsa ce a kan fata. Nakan ajiye bokiti a inuwa ya yi daidai da ɗumin ɗaki, in tsoma tsohon zane, in matse, in yafa a baya da kafaɗa, ban da wuya ta gaba. Fanka kuma ba na bari ta bugi fuskata, bango nake juya ta, iskar ta dawo a hankali. In an ɗauke wuta, mafici ya ishe ni. Kai ka jiƙa singileti haka, ka gani. Da rana sau uku nake watsa ruwa, ba mai zafi ba, ba mai sanyi ba.

Ka rabu da kofin silba, ka nemi na roba. Ruwan alwala a cika buta tun dare a shigar da ita ɗaki. Ruwan sha, ni ma gundurata ya yi, sai na riƙa matsa lemon tsami kaɗan ko in jefa ganyen na'ana'a. Zoɓo na gida marar ƙanƙara ya yi mini rana. Kankana a saya guda a yanka a gida, kada ta shiga firji. Kuma ko a tsakar ɗaki ka sa silifas, tayil da asuba mugu ne.

Dan_Marina:

Baba sannu da jiki. Ni dai a ganina ka daure ka riƙa shan mai sanyin kaɗan-kaɗan, jiki zai saba. Wannan zafin ba a wasa da shi.

Nas_Zariya:

Ɗan'uwa, niyyarka mai kyau ce amma wannan ba a sabawa da shi. Maganin ne ke tsokano jijiyoyi, sanyi kaɗan sai su yi ta harbawa. Sai ƙarfinsa ya ragu a jiki abin ke lafawa.

Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce. Shaƙewar nan da ka ji, yawanci ji ne kawai, hanyar numfashi a buɗe take. In ta sake faruwa ka kurɓi ruwan ɗumi, ka rufe baki da hanci da tafin hannu ka yi numfashi a hankali. Amma in ta zo da kumburin fuska, ƙuraje, ko ta ƙi wucewa, asibiti kai tsaye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninka jan fitsarin nan ne. Ruwa ya yi ƙaranci a jikinka, ga gumi, ga capecitabine da ke iya kawo gudawa, kuma ƙoda ce ke fitar da magungunan nan. Ka ajiye gora kusa da kekenka, kurɓa-kurɓa duk yini har fitsarin ya washe. Ruwan gishiri da sukari ma yana taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In gudawa ta kai sau huɗu a rana fiye da yadda ka saba, dakatar da ƙwayoyin ka kira likitanka a ranar. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. In ya nuna 38, kada ka ce ai rana ce ko zazzaɓin sauro, ka tafi a duba jininka.

Kada kuma gudun sanyi ya kai ka ga ruwan zafi. Ƙwayoyin nan suna sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja su tsage, zafi da guga ke ƙara shi. Taka keke, matsa almakashi, dutsen guga, duk ka rage. Tambaya ɗaya: kana iya zura zare a allura da sa maɓalli kamar da, har a makon hutu?

Tela_Sakkwato:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na gwada jiƙaƙƙiyar singiletin da la'asar, har barci ya ɗauke ni a kan tabarma, rabona da barcin rana tun shigowar Maris. Fankar ma na juya ta bango, maiɗakina tana ta dariya wai bango nake wa fifita.

'Yata nas, kin taɓo inda nake ɓoyewa. Tun zagaye na uku yarona ke zura mini zare, ko a makon hutu kan yatsuna a dushe yake. Ban faɗa wa likita ba, tsoro nake kada ya tsayar da maganin.

Nas_Zariya:

Baba ka faɗa masa, kada ka jira zagaye na biyar. Wannan dushewar daban take da ta sanyi, taruwa take yi, in aka ƙyale ta tana iya zama har bayan an gama magani. Sau da yawa rage oxaliplatin ɗin ake yi ko a dakatar da shi, a ci gaba da ƙwayoyin. Da yatsun nan kake ciyar da gida.

Tela_Sakkwato:

To shi ke nan. Talata akwai asibiti, zan je da allura da zare a aljihu ya gani da idonsa.