Kamfanin Boxer na cin riba, mu a Sakkwato mi munka gani?

Malamin Lissafi, Arkilla:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kamfanin Bajaj Auto na Indiya, mai ƙera babur ɗin Boxer da keke mai ƙafa uku, yana rufe shekarar kasuwancinsa ne a ƙarshen watan Maris. A shekarar da ta ƙare Maris 2024 ya yi cinikin kusan rupi biliyan 447, ribar da ta rage masa bayan haraji ta kusa biliyan 75, wato wajen dala miliyan 900. Shekarar da ta biyo baya ciniki ya taɓa biliyan 500, riba ta haura biliyan 80. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kayan da yake fitarwa ƙasashen waje raguwa suka yi a tsakanin nan: daga babura da kekuna wajen miliyan 2.5 a shekarar da ta ƙare Maris 2022 zuwa wajen miliyan 1.6 bayan shekara biyu. Kuma Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa na waje. To masu sayarwa, masu haya, masu gyara, me kuka gani da idonku daga 2022 zuwa yau? Na tsakani da Allah nake so, ban da ji-ta-ji-ta.

Alhaji Dila:
Wa alaikumus salam Malam. Raguwar nan da kake faɗi ni a shagona nig gane ta, ba a takarda ba. Masifa ukku sunka haɗu muna. Ta farko canjin kuɗɗi, farkon 2023. Mai sayen Boxer mutumin ƙauye ne, ya sai da sa ko albasa ya zo da kuɗɗinai cikin aljihun 'yar ciki, ya ƙirga maka a hannu. Da anka rasa takardar naira sai kasuwa ta mutu murus. Wani zai ce bari ya yi taransifa, a tsaya ana kallon waya har la'asar kuɗɗi ba su shigo ba, ni kuwa ba ni sakin mashin sai na ga alat.

Ta biyu sakin naira a watan Yuni na 2023. Dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Mashin a kwali yake zowa ta Legas, a dala aka sawo shi, kwastan ma da farashin dala suke lissafin haraji. An yi lokacin da za ka biya kuɗɗin kaya, mota na hanya ba ta ko iso Kontagora ba, a kira ka a ce sabon farashi ya fito. In ka sai da na hannunka a tsohon kuɗɗi, ba ka iya maida kamarsa. Jarin da da yake cika man shago, sai ya koma yana ɗaukar abin da bai kai rabi ba. Mutane na ganin mun tsawwala, wallahi ribar da ke kan mashin guda ba ta taka kara ta karya ba in ka auna da jarin da ka zuba.

Ta ukku iyaka. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 anka rufe Illela har Maris 2024. Mutanen Konni da na bayanta da ke zowa su ɗauki biyu-biyu, ukku-ukku, ƙafa ta ɗauke.

Ɗan Mabera:
Alhaji Allah shi ƙara arziki, amma ku aƙalla kuna zaune inuwa. Ni kabu-kabu nike, mashin ɗin kuma ba nawa ba ne, balas nike kaiwa kullum da dare. Kafin a cire tallafi a Mayun 2023 litar mai ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, daga baya ta haura 500, ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Maigida ya ƙara balas don shi ma ya ce mashin ya haura miliyan, fasinja kuwa in ka ƙara mai ɗari sai ya ce gara ya taka. Daga Dandima zuwa Runjin Sambo yanzu sai ka ga ma'aikaci da takalmi sau-ciki yana sayyada. Dabarar da munka koya ita ce daina yawo. Da kewaya gari mukai muna neman fasinja, yanzu kafewa mukai bakin mararraba mu kashe inji.

Ɗan Mabera:
Af, na manta. Abokan aikina da dama sun koma keke Napep. Malam ka duba, ai shi ma da yawa daga cikin na titi na Bajaj ne, ga kuma na kamfanin TVS. Ko ina ka juya su ne dai.

Usta na Tashar Illela:
Ni kam ba ni ɓoyewa, kasuwata ta buɗe. Da mutum in mashin ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai ya kai shi kasuwa ya cika kuɗɗi ya ɗauko sabo. Yanzu ba wannan zance. A sauke inji, a sa fistin da ringi, in bulo ya cinye a kai a gyare shi, a canza sarƙa da kulochi, a maida shi titi. Akwai Boxer da ke zowa wurina wanda in ban da firam ba abin da ya rage na asali a jikinai. Har tsofaffin Kasea da Jincheng da anka jingine bayan ɗaki an kakkaɓe su an fito da su.

Inda matsala take shi ne kayan gyara. Jabu ya cika kasuwa, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. Ringin ƙwarai in ka ɗan buɗe shi da yatsu ka saki, komawa yakai daidai yadda yake. Na jabu ko dai ya tsaya a buɗe ko ya ɓalle maka a hannu. Fistin kuma ka juya cikinai ka duba, na banza za ka ga zubin da kaushi, kamar ba a gama shi ba. Mai mashin ya ga bambancin dubu biyu ko ukku ya ce a sa mai mai sauƙi, wata bai cika ba ya dawo yana cewa Usta ka ɓata man inji. Shi ya sa yanzu ni ba ni sawo wa kowa kaya. Ka tafi da yarona ku sawo, ka gani da idonka.

Maman Ikilima:
Sannunku da hira. Ni da adashi na sayi guda a 2021 na ba ƙanen maigidana yana haya, abin da ke shigowa da shi nake biyan kuɗin makarantar yara. Da farashi ya fara hawa sai aka ba ni shawara in sayar tunda an taya fiye da yadda na saya. Na ga riba ƙiri-ƙiri na sayar, da niyyar in ƙara in ɗauko sabo. Kafin kwasata ta zagayo, kuɗin hannuna ko rabin sabo ba su kai. Tumaki na saya da su. Alhaji don Allah, na hannu mai lafiya yanzu ana samu da sauƙi?

Alhaji Dila:
Hajiya ana samu, amma kar ki saya sai da rasit na asali da shaidu, kuma a duba lambar inji da ta firam su dace da takarda. Na sata sun yi yawa. Ki sa Usta ya rakiyi wanda za ki aika.

Ɗan Banki, Gawon Nama:
Malam, amsar tambayarka tana Indiya. Kamfanin ba da Boxer kaɗai yake ci ba. A lokacin da Afirka ta ja baya, kasuwarsu ta cikin gida ce ta tashi, kuma da kaya masu tsada: babur ɗin Pulsar, keke mai ƙafa uku wanda su ne kan gaba a cikinsa a can, da Chetak mai aiki da lantarki. A 2023 suka fara ƙera babura masu inji 400cc tare da kamfanin Triumph na Ingila, ga kuma tsohuwar alaƙarsu da kamfanin babura na KTM na Ostiriya. Ribar da ke kan babur guda irin waɗannan ta fi ta Boxer nesa ba kusa ba. Shi ya sa a shekarun nan cikin kowane rupi 100 na ciniki wajen 20 ke rage musu kafin a cire haraji da makamantansa. Sannan abin da suka fitar waje a dala ake biyansu, rupi kuma ya ɗan yi rauni a kan dala, don haka kowace dala tana ba su rupi fiye da da.

Wato miliyan ɗaya da wani abu da Ɗan Mabera ke magana, in ka mayar da ita dala, ba ta yi nisa da farashin da ba. Mu ne kuɗinmu ya zube. Su kansu shugabannin kamfanin sun sha ambaton Najeriya da ƙarancin dala idan suna bayanin dalilin raguwar fitar da kaya. Ni a wurin aiki abin da na lura, masu zuwa neman rancen sayen babur ga ƙungiyoyi sun ragu ƙwarai, don in aka haɗa ruwa da farashin, ɗan haya ba zai iya fitar da shi ba kafin mashin ya tsufa.

Malamin Lissafi, Arkilla:
Madalla. Ke nan faɗuwar kasuwarmu ta taɓa su amma ba ta girgiza su ba. Ni da na ɗauka hawan farashin nan aljihunsu yake tafiya kai tsaye.

Manomi daga Wurno:
Ku na birni kuna lissafi da dala, mu da buhun albasa mukai. Shekarar da albasa ta yi kuɗɗi, buhunan da za ka kai ka ɗauko Boxer ba su fi na da yawa ba sosai. Shekarar da ta faɗi ko ruwa ya ɓata ta, ko ka kwashe rumbu ba ka kai. Kuma a nan mashin ba ado ba ne. Shi ka kai taki fadama, shi ka ɗauko injin ban-ruwa, shi ka kai mai naƙuda asibiti tsakar dare. Mun zaɓe shi don doguwar kujera da ƙarfin baya, buhu biyu da mutum yana tafiya cikin yashi.

Abin da ba ku ambata ba shi ne tsaro. Ƙarfin nan nasa shi ya sa ɓarayin daji ma shi suke so. A Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa dokoki kan zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka, anka kuma katse waya a ƙananan hukumomi da dama na gabas. Mun ga dalili, amma mun sha wuya. Har yau a wajen Goronyo da Rabah akwai mai kuɗɗin sayen sabo da ba shi saye, don sabon mashin a ƙauye kiran ɓarawo ne. Gara tsoho mai tsatsa wanda ba mai kallo nai sau biyu.

Ɗan Mabera:
Ɗan Banki, an ce sun yi mai aiki da gas. Gaskiya ne?

Ɗan Banki, Gawon Nama:
Gaskiya ne, Freedom 125 sunansa, a Yulin 2024 suka fito da shi a Indiya. Yana da tukunyar gas ƙarƙashin kujera da ɗan tankin fetur na ko-ta-kwana.

Usta na Tashar Illela:
Ɗan Mabera kar ka sa rai tukuna. Ko an kawo shi, ina za ka sha gas ɗin tsakanin nan da Illela? Kai dai ka kawo naka in duba kafireta. Rabin 'yan kabu-kabun da ke kukan shan mai, matatar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu ba su wanke ba, wasu ma cire ta sukai gaba ɗaya. Ka zo da safe kafin layi ya yi tsawo, ka taho da fulogi sabo.