Wane Technical Readout zan fara saya? Ku taimaka da shawara

Mai tambaya:
Salam 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka daɗe a BattleTech, wasan nan na yaƙin manyan injina da ake yi a kan tebur, ku taimaka min. Yayana ne ya zo min da kwalin nan A Game of Armored Combat, mai mek (injin yaƙi mai tafiya da ƙafa) guda takwas a ciki, ni da abokaina mun ɗan fara gane wasan har mun gaji da maimaita mek irin su Awesome da Catapult da Locust kullum, sai na ce bari in nemi littafin da ke ɗauke da jerin injinan yaƙin gaba ɗaya, wato Technical Readout, to ina shiga intanet sai na ga ashe ba ɗaya ba ne, ga 3025 ga 3039 ga 3050 ga 3058 ga wani wai Succession Wars, kaina ya ɗaure wlh. Lambobin nan shekaru ne ko bugu na nawa ne? Kuma ga yadda dala take yanzu ba zan iya sayen biyu ba. Wanne ya kamata?

Ɗan Tudun Wada:
Wa alaikassalam. Lambobin shekaru ne na cikin labarin wasan, ba shekarar da aka buga littafin ba. 3025 yana nufin injinan da ake yaƙi da su a shekara ta 3025, lokacin da manyan gidajen sarauta biyar suka cinye juna da yaƙi har fasaha ta ja baya. Kamfanin FASA ne ya fitar da shi a 1986, sai 3026 na tankoki da motoci a 1987, sai 3050 a 1990. Mek ɗin da ke kwalinka duk na zamanin 3025 ne, don haka ka nemi Succession Wars ko 3039 kawai ka huta.

Kawun Maharba:
Kafin ka fitar da ko sisi ɗana, ka san abu ɗaya, littafin nan ba da shi ake wasa ba. Mutane da yawa nan suke faɗawa. Abin da ke ciki zane ne, da tarihin injin, wace masana'anta ta ƙera shi, a wane fage ya yi suna, wasu shahararrun matuƙansa, sai jadawalin nauyi da gudu da sulke da makamai. Kuma yawanci samfuri ɗaya tak ake ba cikakken jadawali, sauran samfuran sai dai a ambace su cikin bayani a ce an cire kaza an sa kaza. Abin da kake ajiyewa a gabanka kana soke ɗigo-ɗigo in an harbe ka, wato takardar rekod, daban ake sayar da ita. Dokoki ma daban, suna cikin Total Warfare ko BattleMech Manual. To in burinka ƙarin mek a kan taswira ne, takardun rekod kake buƙata, in kuma kana so ka kwanta da dare kana karanta yadda aka yi Atlas mai tan 100 ya zama dodo, to nan ne littafin zai biya ka kuɗinka.

Mai tambaya:
Kai Kawu ka ceto ni, ni fa na ɗauka takardun na ciki. To ina ake samun su?

Injiniya Ba Satifiket:
Akwai na sayarwa a PDF daga Catalyst Game Labs, su ne ke riƙe da wasan tun 2007. Amma gsky ni manhajar MegaMekLab nake amfani da shi, kyauta ne, ka sauke a kwamfuta ka zaɓi mek ɗin ka buga takardarsa a shagon fotokwafi shikenan. Sannan akwai shafin intanet na Master Unit List, shi ma kyauta, zai nuna maka kowane samfuri da shekarar da ya fito da ɓangaren da ke amfani da shi da makinsa na BV da ake daidaita runduna da shi. Kuma ba dole sai kana da ɗan mutum-mutumin ba, ko murfin kwalba ka ajiye matuƙar an san ina gabansa yake kallo wasa ya halatta.

Kawun Maharba:
Haka ne amma kar a raina littafin. Jadawalin nan in ka iya karanta shi yana koya maka tuƙi tun kafin ka taɓa dayis. Ɗauki Awesome ɗin da ka ce ka gaji da shi, tan 80, manyan bindigogin PPC uku, kowace in ta tashi zafi 10 ne, ka ga 30 kenan, masu shanye zafinsa kuma 28, shi ya sa tsofaffin hannu ke harba uku, uku, sannan biyu don ya huce. Warhammer kuma PPC biyu da masu shanye zafi 18 kacal, in ka ce kowane zagaye sai ka saki duka biyun har da ƙananan makamai to zafi na kai 5 gudunka ya ragu, yana kai 8 saiti ya fara kaucewa, daga 14 injin na iya mutuwa a tsakiyar fili abokin gaba na kallonka. Wanda bai duba lissafin nan ba sai ya ce mek ɗin ne ba shi da kyau.

Hajiyar Locust:
Ni shawarata ƙanina ka nisanci 3050 tukuna. Nan ne Clans, mamayan da suka zo daga waje da fasahar da ta fi ta kowa, suka shigo da kayansu. Mek ɗinsu Timber Wolf tan 75 ne amma ya fi Warhammer gudu, masu shanye zafinsa ninki biyu suke aiki, ER PPC ɗinsu, wato PPC mai dogon zango, ɓarnar 15 take yi daga nisan gida 23 a taswira alhali PPC ɗinku ɓarnar 10 take yi kuma iyakarta gida 18. Ranar da mutum ɗaya a cikinku ya kawo wannan sauran na riƙe da kayan 3025, to ranar abota za ta fara tsami. In za ku shiga ku shiga tare, kuma ku daidaita da BV ba da nauyi ba.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya ta faɗi gaskiya lol. Ƙari kuma, in ka ci karo da tsohon 3025 na hannu ka duba wane bugu ne. Na farkon yana da Warhammer da Marauder da Phoenix Hawk da sauran waɗanda aka ɗauko zanensu daga katun ɗin Japan irin su Macross da Dougram, to rigimar kotu da kamfanin Harmony Gold ta sa aka daina nuna su, bugun da aka sabunta a 1996 ya cire su ya cike gurbin da wasu. Shi ya sa za ka ji ana ce musu Unseen, wato waɗanda ba a gani. Yanzu dai an sake zana su. Na asalin masu tara kayan tarihi sun sa masa tsada, ba na mai farawa ba ne.

Mai tambaya:
To tsakanin 3039 da Succession Wars fa? Nan ne har yanzu ban gane ba.

Injiniya Ba Satifiket:
3039 ya haɗe tsohon 3025 da 3026 ne wuri ɗaya, saboda haka akwai tankoki da jiragen yaƙi a ciki ban da mek. Succession Wars ya fi sabunta, na 2017 ne, kuma kan mek ya tsaya. Da dokokin cikin kwalinka mek kawai za ka iya sarrafawa, tanki sai ka sayi Total Warfare, wani kuɗin kenan. Ni a matsayinka Succession Wars zan ɗauka, kuma PDF, don kuɗin aiko da littafi mai nauyi daga Amurka kan iya kamo kuɗin littafin kansa.

Hajiyar Locust:
Ni 3039 na fi so sbd tankokin, ko ba ka wasa da su akwai daɗin karatu, amma lissafin Injiniya daidai ne.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zan fara da MegaMekLab ɗin in buga Hunchback da Warhammer mu gwada ranar Asabar, ƙarshen wata in albashi ya shigo sai in sayi Succession Wars. Injiniya yana hawa tsohuwar laptop kuwa?

Injiniya Ba Satifiket:
Yana hawa, amma sai ka sa manhajar Java tukuna in ba haka ba ba zai buɗe ba. In ka buga takardun ka kai a yi musu laminatin sai ku riƙa amfani da maka mai gogewa, ba sai kuna fotokwafi kowane wasa ba.