Likita ya ce a sa wa Baba ƙarfe a baya, mu yarda?

Abban Hanifa: Salamu alaikum. Mahaifinmu shekararsa 62, hoton MRI ya nuna guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya na L4 da L5 ya zaizaye, yana danne jijiya. Ciwon ƙafar hagu ya fi na bayan tsanani, fitsari da bayan gida lafiya lau. Mu yarda a sa ƙarfen?

Sista Rabi: Wa alaikumus salam. Tunda ƙafa ce ta fi damunsa, ku tambaya ko cire ɗan abin da ya fito ya danne jijiyar zai wadatar. Ƙaramin yanka ne, kwana ɗaya ko biyu a sallame shi. Ƙarfe sai in ƙasusuwan suna zamewa: noti 4, sanda 2, a kwashe guringuntsin, a cusa ɗan keji mai tokare ƙasusuwan da ɓarɓashin ƙashi a gurbinsa, sannan wata 6 zuwa shekara kafin su haɗe. A fara ɗaukar hotonsa a tsaye, ɗaya ya sunkuya, ɗaya ya banƙare, nan zamewar take fitowa.

Mai Tifa: Kada ku kuskura! Maƙwabcinmu a Rigasa aka sa wa. Ba wanda ya gaya masa sigari na hana ƙashi haɗewa, noti ya kwance, aka sake buɗe shi, ga suga, ciwon ya yi ruwa. Yanzu gaɓar da ke sama ta fara ciwo, don nauyin ya koma kanta. Filinsa da motarsa duk sun tafi, miliyan 9.

Maman Sadik: Haba Malam, miliyan 9? A asibitin gwamnati miliyan 4 aka ce wa ƙanwata.

Mai Tifa: Hajiya, ban da kuɗin ƙarfen ke nan. Da dala ake shigo da shi.

Ɗan Kawo: Ku kawo Baba Panteka, noti 4 ko dubu biyu bai kai ba, har walda kyauta.

Sista Rabi: Ana magana kana wasa. Abban Hanifa, ku ɗauki faifan MRI ɗin, ba takardar sakamako kaɗai ba, ku kai asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ko asibitin ƙashi na Dala a Kano a sake dubawa. Amma in fitsari ya riƙe, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, a ranar za ku garzaya asibiti.

Mai Tifa: Ku ma'aikatan asibiti ai bakinku ɗaya, wuƙa kawai.

Maman Sadik: Ita aikinta ne, kai kuma labarin maƙwabci ka kawo.

Malam Na Kakuri: Ku tambayi Baba ko yana shan haɗin kemis. Yawanci diclofenac ne da dexamethasone ake ƙulla wa mutum a leda. Na farkon yana cin ciki da ƙoda, na biyun yana tada suga, ya sa ƙashi ya yi gautsi har noti ya kasa kamawa.

Maman Sadik: Wallahi! Har a tasha ake tallarsa da lasifika, tsofaffi na saye, fuska na kumbura ana cewa sun yi ƙiba. Wai wa ke ba su izini ne?